Lasifika a Bakin Tulu

Kawuna ƙanen Inna ne, tsohon soja, kuma idan ya yi gyaran murya a Anka sai kajin Gummi su shige akurki. Da aka canja masa wurin aiki zuwa Bukkuyum, ɗakin da ya samu yana yoyo, don haka ya kawo talabijin ɗinsa mai kala da bidiyonsa gidanmu ajiya kafin damina ta wuce. Daga Makka ya sayo su. Ya naɗe su da bargo, ya dube ni, ya dubi Yayana, ya ce duk hannun da ya taɓa bargon nan, mai shi ya yi bankwana da shi. Bai yi dariya ba. Ban taɓa ganin haƙoransa ba sai in yana cin nama.

Mun yi haƙuri har gero ya fitar da kai. Sai Yaya, wanda ke bin motar kasuwa, ya samo aron kaset na 'yan faɗa da ƙaramin janareto. Ranar da Inna ta tafi barka muka kwance bargon. Hoto ya fito raɗau, amma muryar kamar sauro ya faɗa gwangwani, janareto ya danne ta gaba ɗaya. Yaya ya ce wannan kallon kurame ne, sai an ƙara lasifika.

Ranar kasuwar Gummi ya ɗauke ni zuwa rumfar wani mai gyaran rediyo. A gaban rumfar akwai lasifikoki na gaske, masu akwatin katako da yadi a fuska. Muka tambaya, muka ji, muka yi kamar ba da mu ake ba. Mutumin ya gane aljihunmu, ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur cike da tsirarun lasifikoki da ya ciro daga matattun rediyoyi. Amfilifaya, na'urar ƙara amo, kuwa guda biyu ya nuna mana: wata mai fitilu tana ƙyalli, wata a lotse ba murfi, an ɗaure ta da roba, amma tana kama tashoshi. Muka ɗauki lotsattsiyar, don ita ce daidai da mu.

Zaɓen lasifika ni aka bar wa. Duk wani yaro a unguwarmu ya san yadda ake yi: ba a sauraren murya, nauyi ake dubawa. Ka juya ta, ka kai ƙarfe kusa da mayen ƙarfen da ke bayanta, wadda ta fi kamu ita ta fi amo. Na gwada da ƙusa, na gwada da sifana. Sai na kai ga wasu guda biyu baƙaƙe, ɗaya ta fizge makullin mota daga hannun Yaya, har na ga mai rumfa ya rufe baki saboda haƙorin Makkansa.

"Akwati fa, samari?" in ji shi.

"Muna da tulu, maigida," na ce.

Ya ce awo, tulu ya fi katako ba da amo. Bai tambaye mu abin da za mu jona ba, mu ma ba mu faɗa ba.

Kashegari da la'asar Inna ta leƙa maƙwabta. Muka juye ruwan tulunanta biyu masu faɗin baki a cikin baho, muka kifa lasifika a bakin kowanne, mayen ƙarfen yana ciki. Don kyau, na ɗora su kan benci manne da talabijin, ɗaya dama ɗaya hagu. Yaya ya jona wayoyi, ya ja janareto.

Naushin farko da aka yi a fim ɗin, a cikina na ji shi. Ƙasa ta zubo daga azara, akuyarmu ta tsinke igiya. Na buɗe baki zan yi ihu sai na ga fuskar jarumin ta zama kore shar. Abokin faɗansa ya koma shuɗi, sararin sama ya yi ja kamar an yanka rago a kai.

"Yaya, haka fim ɗin yake?"

"Rannan ba haka yake ba," ya ce, muryarsa ta zama ta 'yan mata.

Ya murɗa wannan, ya murɗa wancan. Muka kashe, muka kunna, muka sake kashewa. Na goge gilashin da rigata, na tofa duk addu'ar da na iya har da ta shiga kasuwa. Mutanen cikin akwatin suka ci gaba da dukan juna da korayen fuskoki.

A haka Inna ta same mu. Ba ta fara ganin talabijin ba, tulunanta ta gani.

"Ku 'yan nema! Mi kuka yi da ruwana? Wagga wace irin hula ce kuka sa wa tulu?"

Ta sunkuci na dama. Tana ɗagawa na ga launin ya biyo ta, ya miƙe zuwa gefen gilashi kamar kaji sun ga mai tsaba. Nan na gane aikin mayen ƙarfen lasifikar da na zaɓa ne. Na ruga na janye ɗaya tulun har ƙofar ɗaki. Launin ya lafa kaɗan, amma bai tafi ba. Manyan tabo biyu suka zauna daram, kore da shunayya.

Sai a lokacin Inna ta lura da bargon a ƙasa. Ta ajiye tulu a hankali, ta zauna.

"Kun san direban Bukkuyum ya biyo ɗazu? An yi wa ɗakin Kawunku kwano. Gobe yana tahe ɗaukar kayanshi."

Muka naɗe komai yadda muka same shi. Yaya ya mayar da janareto, ya dawo ya ce ai ya tuna akwai lodin gyaɗa a Gummi da asuba. Inna ta ce ita ba ta gani ba, ba ta ji ba, ƙanenta ne amma ita ma tsoronsa take. Da dare aka kawo tuwo, na tasa shi gaba. Na yi tunanin in gudu ruga wajen abokina Bafulatani ya ɓoye ni cikin maruƙa, sai na tuna Kawu ya san duk wata ruga daga nan har Adabka. Na zauna ina duban hannuna na dama. Har na gwada ɗaukar loma da hagu, don in fara sabawa.

Da hantsi a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Kawu ya shigo, ya gaida Inna, ya miƙo mini hannu, na ba shi yatsu biyu. Ina ta addu'a ya ɗauka ya wuce. Ashe ya sayi sabon janareto, yana cikin motar.

"Soja ba ya karɓar kaya bai duba ba," ya ce. "Kai, ɗan Inna, kwance bargon."

Na kwance, aka jona sabon janareton aka tayar. Ya saka kaset ɗinsa na wa'azi. Ya ce in danna. Na auna nisan ƙofa, na danna, na rufe ido.

Akwatin ya yi wani gumm daga ciki. Na jira mari, bai zo ba. Na buɗe ido ɗaya: malamin wa'azi baƙi ne yadda Allah ya yi shi, rawaninsa fari fat. Daga baya mai gyaran rediyo ya gaya wa Yaya wai in talabijin ta kwana ta huce, takan warware kanta idan an kunna. A lokacin ni dai na ɗauka addu'ar shiga kasuwa ce ta ci.

Sai Kawu ya sunkuya. A can kusurwar sama ta hagu, wani ɗan tabon shunayya ya rage, kamar faɗin tafin jariri. Ya goge da hannun riga. Bai fita ba. Ya juyo a hankali, ni kuwa na ɓoye hannuna a hamata.

"Tunda na tahi ba wanda ya kunna ta?"

Na dubi Inna. Inna ta shiga gyaran kallabi.

"Ka ji sakarci," ya ce. "Kayan wuta in ya daɗe kwance sanyi yake sha. Ko sau ɗaya ba ku iya ɗumama ta? Gida cike da ƙarti!"

Na ce ya yi haƙuri, Kawu. Ban taɓa ba da haƙuri da zuciya ɗaya kamar ranar ba.

Ina shirin sulalewa ya riƙo wuyan rigata. Ya ce hanyar Bukkuyum duk ramuka ce bayan ruwan bana, ba ya yarda a ajiye ta a ƙasan mota, ni zan rungume ta a cinya har can. Aka ɗora ni a baya, aka ɗora mini ita, nauyinta kamar ɗan maraƙi. Kawu ya zauna gaba, ya karkata madubi yadda zai riƙa ganina. Ramin farko da muka faɗa bayan fita gari, haɓata ta bugi katakonta, na ji gishirin jini a bakina, ban saki ba.