Ladan Dattijuwa Mai Shaidar Iyaka

Gonar da mahaifinmu ya bari a bayan ganuwa ta daɗe ba a raba ta ba. Ni da ƙannena maza biyu muke sa a noma, da kaka mu raba amfani. Sai magana ta zo cewa duk mai fili ya daidaita takardunsa, ya san harajin da ke kansa. Ƙanena na unguwar Gyallesu, shi ne ya yi boko a cikinmu, ya ɗauko wani ma'aikacin ofishin lauya domin ya bincika mana iyakar gonar, da harajinta, da na gidanmu na Kusfa.

Mutumin ya zo da jaka da wata na'ura da yake ɗagawa sama kamar mai roƙon ruwa. Ranar farko ya dawo yana cewa gonarmu ta ƙare a bakin kwari. Na ce masa na'urarsa baƙuwa ce a garin nan. Washegari na yafa mayafi na shiga gaba, yana biye da ni yana haki. Na nuna masa adurukun nan uku da kakanmu ya dasa, da layin gamba da ya raba mu da maƙwabta, da kututturen ɗorawar da aradu ta faɗa wa shekarar aurena. Kwana biyu muna wannan zirga-zirga, kuma bai taɓa tafiya bai ci tuwona ba.

Da takardar kuɗin aikinsa ta iso, ƙanena na Gyallesu ya shigo fuska a murtuke. Ya ce abin ya fi ƙarfinmu, sai dai a yanki gefen gonar a sayar, har ma akwai wanda ya taya. Na ce tun kakanmu ba a taɓa gutsurar gonar nan ba, ba kuwa za a fara ina numfashi ba. A kira mai takarda, ya zauna a zaure, ya karanta mini ita layi-layi da Hausa.

Ban san bihim ba a boko, amma na tsufa ina sayar da daddawa, kunnena ba ya barin ƙwandala ta wuce. Ya karanta kuɗin mota zuwa ofishin filaye, na ce ya wuce, hakkinsa ne. Na hoton takardu, na ce ya wuce. Da ya zo kan kwana huɗu na gano iyaka, na tuna masa ranar farko ɓata ya yi, ta huɗu kuwa Juma'a ce, ƙofar gida kawai ya leƙo ya gaishe ni. Ya yi gyaran murya ya ci gaba. Sai na ji ya ce, da sauri-sauri, ladan dattijuwa mai shaidar iyaka.

Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Na tambaye shi wace dattijuwa ce, 'yar wace unguwa. Ya dubi tabarma. Sai na miƙa masa tafin hannuna.

"Malam, ga dattijuwar nan zaune gabanka. Ko ka zuba a nan, ko ka soke a can."

Ƙaramin ƙanena ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Na Gyallesu yana share hawaye yana cewa, "Yaya, ni da na yi karatun na karanta sau uku ban gani ba." Shi ma mutumin daga baya ya saki jiki ya dara. Ba macuci ba ne. Ya ce a duk irin wannan aiki akan sallami tsohon da ya nuna iyaka, shi ya sa akawunsu ke kwafo layin ba tare da ya tambaya ba. Ya zaro biro ya soke ladan, ya soke kwana biyun, ya ba ni haƙuri har da sunkuyawa. Abin da ya rage a biya shi muka raba uku, aka sallami mai taya gona.

Kasona ne ban san inda zan samo ba, ban kuma faɗa wa kowa ba. Bayan sati biyu sai ga sallamar mai takardar nan. Wai wasu magada a Limancin Kona, masu gona gefen tamu, sun rasa mai nuna musu iyaka, ko Hajiya za ta taimaka. Na ce zan je, amma ya fara karanta mini layin dattijuwa tukuna. Ya ƙirga ya ba ni a hannu tun ban sa takalmi ba. Na ƙulle a bakin zane, muka je muka dawo, da la'asar na kwance na mayar masa da kasona daga ciki. Canjin na sayi goro da shi.