Makullin Banɗakin Hajiya Kubura

Wata rana da azahar, wata motar haya ta tsaya a gidan abincin Hajiya Kubura, a wani ɗan gari da ke kan hanyar Kano zuwa Maiduguri.

Duk direban da ke bin hanyar ya san wurin. Tuwon shinkafarta da miyar taushe sun yi suna, har wasu kan ƙi karyawa a gida don su ci nata.

Fasinjoji suka sauko. Maza suka cika benci, kwanuka suka fara yawo.

Can ƙarshen rumfa kuwa wata dattijuwa ce a zaune. 'Yarta ta saya mata tuwo da ruwan leda ta ajiye a gabanta.

Ko kallonsu ba ta yi ba.

Ga rana kamar ta dafa mutum, leɓɓanta sun bushe har sun tsage.

Ita kuwa Hajiya Kubura mace ce mai ji da girkinta. Ba abin da ta tsana kamar kwano ya dawo mata da abinci. Sai ta taso da kanta, ta rusuna.

"Inna, ko miyar ce ba ta yi miki ba? A canza miki wata."

Dattijuwar ta yi ɗan murmushi.

"'Yar nan, tun daga mota nake jin ƙamshin miyarki. To amma in na ci na sha, ina zan zaga? Na leƙa bayan nan. Gara ƙishirwar."



'Yarta ce ta ƙarasa bayani. Daga asibiti suke, ciwon ƙoda ke damun Inna, likita ya ce kada ta yi wasa da shan ruwa. Amma duk ranar tafiya, tun jajibiri take daina sha, saboda abin da ta sha gani a hanya.

Hajiya Kubura ta miƙe ta nufi bayan rumfa.

Rabonta da wurin har ta manta. Ita tana da nata banɗakin daban, da kwaɗo a ƙofa.

Abin da ta gani ya sa ta toshe hanci da mayafi.

Ƙofar langa-langa ta ɓalle, an rataya tsohon buhu a madadinta. Buta a fashe. Randa ba ko ɗigon ruwa. Ƙudaje kamar ana rabon su. Babu inda mutum zai sa ƙafa, balle tsohuwa mai ciwon gwiwa ta tsuguna.

A nan tsaye wani abu ya faɗo mata a rai.

Shekara da shekaru tana cewa mata matafiya ba su da ciniki, sai su zauna a mota suna fifita. Ta ɗauka tsumulmula ce.

Ashe tsoro ne.

Namiji ya zaga bayan katanga ya gama. Mace fa?

Ta dawo da sauri, ta kunce makulli daga bakin zanenta, ta kama hannun dattijuwar ta kai ta nata banɗakin da kanta.

Da Inna ta fito, ta yi alwala, ta zauna, ta fasa ruwan nan ta shanye tas. Ta nemi ƙari.

Sauran matan motar na ganin haka suka fara saukowa ɗaya bayan ɗaya, har da mai goyo.

Direba ya danna hon. Hajiya Kubura ta ɗaga masa hannu.

"Malam, yi haƙuri. Mata ba su gama ba."

Ya kashe mota.

A satin nan, bulon da Hajiya Kubura ta tara don faɗaɗa rumfa ya koma bayan rumfar. Aka gina banɗakin mata daban, na maza daban. Ƙofa mai sakata, tankin ruwa, sabulu, wurin alwala. Ta ɗauki wata mata aikin wankewa safe da yamma.

An yi mata dariya. Wai mai tuwo ta koma gina banɗaki.

Kuma ba a ce komai ya tafi daidai ba. An sha sace butoci. Wasu su shiga su ɓata su fice ko a jikinsu. Akwai ranar da ta ce ta gaji. Washegari ta sake sayo butoci.

Sannu a hankali labari ya bi hanya. Tun daga tasha mata ke gaya wa direba inda zai tsaya. Da mai gidan man da ke tsallaken titi ya ga motoci na wuce shi, shi ma ya gyara nasa.

Dattijuwar kuwa, Hajiya Kubura ba ta sake ganinta ba. Ko sunanta ba ta tambaya ba. Tana dai sa ta a addu'a.

Yanzu in mota ta tsaya, kafin ta tambayi mace abin da za ta ci, sai ta nuna mata hanya:

"Ku fara zagawa, akwai ruwa. Tuwo ba ya gudu."

Darasi: Mutane da yawa na shan wahalar da kunya ba ta barin su faɗa. In kana da tasha, gidan mai, shago ko masallaci a bakin hanya, yau ka zaga baya ka duba da idonka. In ba za ka yarda mahaifiyarka ta shiga ba, to ka gyara. Kai kuma matafiyi, ka bar wurin yadda kake so ka tarar da shi.

Tura wa direbobi da masu sana'a a bakin titi da ka sani. Wataƙila gobe wata uwar ta sha ruwa a hanya hankalinta kwance.