Ranar da Aka Wanke Muryar Malam

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba na jin zan manta ranar da kwamfutata ta ƙi tashi. Lokacin shari'a ba ta daɗe da shigowa Jigawa ba, ina da ɗan shagon buga takardu a Yalwawa, cikin Dutse, da kwamfuta ɗaya tilo, ita ma ta hannu ce da na sayo a Kano.

Mahaifinmu malamin makarantar allo ne a Jahun, kowa Malam yake ce masa, har mu 'ya'yansa. A azuminsa na ƙarshe na ɗauki karatunsa a kaset, na zo na juye a kwamfutar, har da tarinsa da tsawar da yake daka wa ɗalibai a tsakiyar aya. Kaset ɗin na aro ne, na mayar, mai shi ya goge ya ɗauki wani abu a kai. Muryar Malam ba ta rage ko'ina ba sai a cikin wannan akwatin.

Da Inna, mahaifiyarmu, ta fita takaba, sai ta aiko cewa tana nan tafe Dutse, so take ta ji muryar mijinta. Ana gobe za ta iso, masu wuta suka ɗauke ina tsakiyar aiki. Da suka dawo da ita na danna maɓallin kwamfutar, fankarta ta juya, wani farin rubutu ya fito a baƙin gilashi, shi ke nan ta tsaya cak. Na kashe na kunna har yatsana ya gaji. Na zare wayoyi na mayar, na kwance murfi na hure ƙura, na sauya ɗan batirin nan mai kama da na agogo. Ko gezau. Wallahi gumin da na yi ranar ba na zafi ba ne.

Na ɗaure ta a bayan babur na kai wa wani mai gyara a Takur. Na ce masa, "Don Allah ka lallaɓa ta, akwai karatun mahaifina a ciki."

Hankalinsa na kan wata da ya kwance, ya ce, "Haba maigida, wannan ai ƙaramin aiki ne. Gobe da hantsi ka zo."

Da hantsi na koma na tarar da ita a kunne, tana sheƙi. Yana murmushi ya ce, "Na wanke ta tas, na goge duk abin da ke ciki, na zuba mata komai sabo. Tunda ka ce kana son karatu, na cika maka ita da wa'azin manyan malamai, kyauta."

Ban san lokacin da na shaƙe wuyan rigarsa ba, sai da maƙwabtansa suka raba mu. Shi kuwa mamaki ma yake yi, don a wurinsa duk kwamfutar da ta ƙi tashi maganinta ɗaya ne, wanki. Daga baya wani masani a Kano ya gaya mini cewa da an ciro ma'ajiyarta an jona a wata, da an kwashe komai lafiya lau. Ko bayan wankin ma da sauran dama, in ba don wa'azin da aka danne wurin da shi ba. Kyautar ce ta ƙarasa binne shi.

Na dawo shago na tarar da Inna zaune a kan benci, ta sha sabon mayafi kamar mai zuwa tarbar baƙo. Na jona kwamfutar na kunna, sannan na durƙusa na gaya mata. Ta daɗe tana kallon akwatin, sannan ta ce, "Kashe ta, ɗan nan. Ashe yau ne zan yi masa rakiya ta biyu."

Ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta kuma kwana ba, motar yamma ta bi ta koma Jahun. Har ta bar duniya ba ta sake tayar da zancen ba, wannan shirun ya fi zagi yi mini ciwo.

Tun daga ranar na gane cewa mai gyara abin da ya lalace yake gani, ba ya ganin abin da kake ƙauna. Duk abin da ba shi da madadi, kada ka ajiye shi a ɗaki ɗaya kawai, kuma kada ka miƙa shi ka juya baya. Kwamfutar ta yi mini aiki shekaru ba ta sake ƙin tashi ba, amma ni yau ko na rufe ido na nemi muryar Malam, tarin kawai nake iya tunowa.