Ranar da Murhun Inna Ya Ƙi Hayaƙi

Shekarun baya, na koma gidanmu a Birnin Gwari wankan haihuwar fari, damina ta yi tsakiya. Ni kuwa sarauniya! Ina kwance a miƙo mini kunun kanwa, har in ce bai yi zafi ba.

Mahaifiyata ce dafa ruwan wankana safe da yamma. Ita ce daka, ita ce rijiya, ita ce juya kakata da ciwo ya kwantar, ta wanke ta, ta ba ta abinci a baki. Matan Gwari masu kawo itace a kafaɗa sun ɗauke ƙafa saboda mahara, sai ita ke zuwa bakin daji ta ɗauko jiƙaƙƙe.

Ana haka mahaifina ya ce, "Na kira gayya jibi. A yi tuwo da fura, kada a ba ni kunya."

Inna ta ce, "To, Malam." Da yamma ta ɗaga taɓarya, sai ta durƙushe, baya ya ƙi miƙewa. Ta ce mini, "Kada ki faɗa wa Malam, bayan zai sake ni."

Ranar gayya na hana ta tashi, na zauna bakin murhu da jaririna. Mahaifina ya leƙo, babu hayaƙi.

"Ke 'yar nan, ina tuwon?"

"Baba, tuwon yana daji, furar tana rijiya."

"Au, jegon ne ya taɓa miki kai?"

"Gonarka ɗaya ka tara mata samarin unguwa. Aikin Inna fa, wa ya taɓa buga masa ganga?"

Ban taɓa mayar masa da magana ba fa sai ranar. Sai kakata, uwarsa, ta ɗaga murya daga ɗaki: "Kai, raba samarin nan biyu. In matar nan ta kwanta, kai za ka riƙa juya ni?"

Ya juya ya fita. Can muka ji ganga ta nufi daji, samari da gatura. Wasu suka cika randuna, matan maƙwabta suka kama lugude. Inna sai zumbur take yi, ba ta san yadda ake kwanciya da rana ba.

Yau ana cewa na lalata 'ya'yana maza, don suna faskare, suna jan guga, su ke yi wa tsohon ubansu wanka. A yi ta faɗa. Muddin ina numfashi, a gidan nan uwa ba za ta ci tuwo a tsaye ba.