Safiyar da Sama'ilu Ya Ga Gonar Shayi

Sama'ilu ɗan gwaggona ne, taubashina, kuma shekara talatin da ɗaya ke nan yana sayar da shayi a bakin tashar Roni. Shayin da ya zuba wa mutane, da za a tara shi, sai ya cika dam ɗin Kazaure har ya yi ambaliya. Amma bai taɓa ganin ganyen a jikin itacensa ba. Na sha gaya masa a cikin kwali ake shuka shi, sai ya ce, "Kai dai Musaddiƙ, Allah ya shirye ka."

Bara likita ya faɗa masa gaskiya: jijiyar idonsa tana mutuwa, kuma ba ta dawowa. Bai yi raki ba. Abu ɗaya ya roƙa, a kai shi tsaunin Mambila ya ga gonar shayi kafin hasken ya ƙare. Ni na raka shi.

Kwana biyu muna hanya. Duwatsun Kazaure da muke tinƙaho da su, a can ko murhu ba za a kafa da su ba. Bayan magariba muka isa, muka kwana a wani ƙauye gefen gonar.

Da gari ya waye muka fito, sai muka tarar ko'ina fari fat. Gajimare ne ya sauko ƙasa, abin da mutumin Roni bai taɓa gani ba. Sama'ilu ya murza ido, ya sake murzawa.

"Musaddiƙ, kana ganin wani abu?"

Ni ma taku biyar ba na hangowa, amma bakina ya riga ni. "Tas! Ga gona can har ƙarshen duniya."

Ya zauna a jiƙaƙƙiyar ciyawa, ya yi salati. "Idon ya tafi. Da dare ɗaya na makara, taubashi." Ko ranar da aka binne gwaggo ban ga hawayensa ba, sai ranar.

Na rantse masa wasa nake. Ya ce, "Kada ka lallashe ni." Wa zai ga laifinsa? Tun muna yara nake zuba masa ƙarya.

Sai ga wata mata mai tsinkar ganye, da kwando a baya. Ta ce, "Baba, lafiya?" Na yi mata bayani. Ta harare ni, ta ce, "Gajimare ne, Baba, ni ma ba na gani. Jira hantsi."

Da hantsi ya yi, farin ya yaye. Sama'ilu ya miƙe ya daɗe yana duba tudu bayan tudu. Ya tsinki ganye ɗaya, ya kai shi dab da ido.

"Ashe kore ne," in ji shi.

Yanzu idon ya tafi. Yana nan a teburinsa, da kunne yake gane kofi ya cika. In ya tambaye ni wa ke wucewa, ina faɗa masa daidai, ko gishiri ba na ƙarawa.