Allurar Da Na Nace A Yi Wa 'Yata

Tun ina da cikin fari babu abin da nake tsoro kamar zazzaɓi. Ina 'yar shekara tara ƙanina ya rasu a gabana da jijjiga, shi ya sa bayan na haifi 'yata, ko goshinta ne ya ɗan yi ɗumi sai in shiga neman magani. Shekarata ashirin a lokacin, muna zaune da Hajiya, mahaifiyar mijina, a unguwar Soron Ɗinki. Karatuna bai wuce firamare da Islamiyya ba, kuma abin da na ji mata suna faɗa shi na riƙe, wai sirof wasa ne, allura ce magani.

Tana shekara biyu da rabi zazzaɓi ya kama ta. Babanta ya kai ta asibiti aka ba da sirof. Washegari ban ga sauƙi ba, sai na ce wa Hajiya zan shiga barka a maƙwabta, na goya ta na bi lungu zuwa wani kemis. Tsakani da Allah, shi ma mai kemis ɗin cewa ya yi in ƙara haƙuri da sirof. Ni na nace, har ina tambayarsa ko so yake ta mutu a bayana. Na riƙe ta a tsaye tana fizge-fizge, ya soka a tsakiyar mazauninta. Ƙarar da ta yi ba irin ta allura ba ce, na san kukan 'yata.

Zazzaɓi ya sauka, amma da ta fara yawo a tsakar gida sai na ga silifas ɗinta na dama yana ta fita. Yatsun suna jan ƙasa, sai ta ɗaga gwiwa sama kamar mai tsallake kwata. Hajiya ta ce shan-inna ne, wasu suka ce iska ce ta taɓa ta. Aka shiga hayaƙi da shafe-shafe. Ni kuwa na yi gum, don in na faɗi allura dole in faɗi ƙaryar barka. Kusan wata uku kullum in ina mata wanka ina ganin ƙwaurin nan yana sirancewa, in juya kai in share hawaye.

Da babanta ya gaji ya kai mu asibiti sashen gashin ƙashi. Ma'aikaciyar, wata dattijuwa, ta goga auduga a bayan ƙafar, yarinya ba ta ji ba. Ta ce shan-inna ba ya ɗauke ji. Sannan ta dube ni ta ce, "Maman yarinya, wa ya yi mata allura?" A gaban babanta na faɗi komai. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Cewa kawai ya yi, "Wata uku kina kallonmu muna hayaƙi?"

Matar ta yi mana bayani yadda zan gane. Ta ce tsoka ba ta motsi da kanta sai saƙo ya zo mata daga ƙwaƙwalwa, ta laka, ta jijiya, kuma babbar jijiyar ƙafa ta mazauni take bi, daidai inda aka soka. Tsokar gaban ƙwauri mai ɗaga ƙafa ta daina samun saƙo, shi ya sa take ramewa, ta baya kuma lafiyarta ƙalau, tana ta ja ita kaɗai har agara ta fara ƙagewa. Da mun zo da wuri, in ji ta, da an hana ƙagewar ana jiran jijiyar ta farfaɗo, don a hankali take warkewa.

Yanzu shekararta huɗu. Sau biyu a mako muke zuwa gashi, safe da yamma ni ke miƙar da ƙafar tana kuka tana cewa Umma ya isa. Akwai takalmin roba da aka yi mata mai riƙe ƙafar. Babban yatsan ya fara ɗan motsi, amma an ce wataƙila sai an yi aiki. Na gaji, ban kuma da bakin cewa na gaji. Allurar kuskuren jahilci ce, shirun kuwa da sanina na yi shi, kuma shi ya fi cutar da ita.

Roƙona ga 'yan uwana iyaye mata, kada ku nace a yi wa yaro allurar da likita bai rubuta ba. In kuma an yi masa, kuka ga tafiyarsa ta canja, ku faɗi gaskiya a ranar ku kai shi asibiti, ko da za a yi muku faɗa. Ku sa 'yata a addu'a.