Ɗakin da na gina wa Inna

Tun da aka kawo mana ruwan noman rani ƙasarmu ba ta sake bushewa ba. Albarkar shinkafa da tumatir mun same ta, ba ƙarya, amma danshi ya biyo mu har cikin ɗakuna. Ginin ƙasa a nan daga gindi yake fara mutuwa: bango ya yi fari kamar an barbaɗa masa kanwa, ya riƙa zuba a hankali. Haka ɗakin Inna ya yi, har ranar da na tura yatsa a gindin bangon ya shige.

A lokacin mu biyu ne a gidan, ni da ita. Matata ta rasu, 'ya'yana mata suna ɗakunansu, namijin yana birni. In na dawo daga gona zan tarar da Inna a bakin ƙofa tana tsintar shinkafa, tana yi min faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ni kuwa faɗan nan shi nake so in ji. Da ƙyar na lallashe ta ta koma wurin ƙanwata a Garun Mallam, in rushe ɗakin in yi mata na bulo. Wata biyu na yanka mata. Ta tafi da jaka ɗaya, ta ce kada in bari kajinta su lalace.

Aikin ɗan kawuna na ba wa. Magini ne, kuma taubashina, ubansa ƙanin Inna ne ciki ɗaya. Tun muna yara bawansa yake kirana, don ni ɗan mace ne, ni kuma in ce masa ubangidan da ba ya ciyar da bawa. Na sayar da shinkafar rani kakaf na danƙa masa, na ce ya sayi siminti da tifar yashin rafi. Lokacin dashe ne, daga asuba ina cikin ruwa har la'asar, ban tsaya a kansa ba. Wa zai tsaya gadin ɗan uwansa?

Duk shekara kafin a sako ruwa mukan fita gayya mu yashe kanal, hanyar da ruwan yake bi zuwa gonaki, mu tara lakar a gefe. In ta bushe ta sha rana, baƙo zai rantse yashi ne. Amma duk wanda aka haifa a nan ya san ba ta kama siminti. To ita taubashina ya yi ta kwasowa a amalanke, ya ɗan surka da yashin gaske, ya buga bulo. Ya yi shafe, ya yi fenti shuɗi, ɗaki ya fito kamar na amarya.

Saura mako guda in je in ɗauko Inna aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Da safe na ga tsaga daga taga har ƙasa. Bayan azahar bangon baya ya kumbura ya zube cikin lungu, daidai inda na shirya sa gadonta. Na ɗauki bulo ɗaya na matsa, ya ruguje a hannuna. A cikinsa na ga saiwar ciyawa da ƙwanson dodon-koɗi, irin wanda muke takawa a kanal. Na daɗe a tsugune a wurin.

Da na je wurinsa dariya ya yi. Ya ce haba bawana, gini ai ya gaji faɗuwa, in kwantar da hankalina. Ni mutum ne mai zuciya, ban ɓoye wa kowa ba, kuma wallahi da ya sunkuyar da kai ya ce ya yi kuskure, da maganar ta mutu a nan. Dariyar ce ta tsaya min a wuya. Sau uku muna zama gaban mai unguwa, kullum maganar ɗaya ce: a yi haƙuri, a duba zumunci. Ya ce zai gyara bayan damina. Damina ta wuce, ya ce bayan kaka. Kaka ta wuce, ya samu aiki a Kumbotso, ya daina ɗaukar wayata.

Inna kuwa duk Juma'a sai ta sa ƙanwata ta kira ni. Ta ce hayaniyar titi ta hana ta barci, ta tambayi kajinta, sannan ta ce yaushe. Ni kuma in ce saura kaɗan. Ban gaya mata ɗakin ya faɗi ba, ban gaya mata wanda ya jawo ba. In na ajiye wayar sai in zauna a tsakar gida, babu motsin kowa sai na kaji. Abin kunya ne namiji mai furfura ya faɗa, amma kewar uwata ta dame ni, kuma ba ni da abin sake ginin.

A rediyo na ji labarin kotun ƙananan ƙararraki, inda mutum zai tsaya wa kansa ba sai da lauya ba. Na je, magatakarda ya taya ni cika takarda. Abin da ban zaɓa ba shi ne ranar kai sammaci: ma'aikacin kotu ya same shi ranar Juma'a, ana fitowa daga masallaci, a gaban kowa.

Daga ranar garin ya yi min sanyi. Ba wanda ya zage ni. Sai dai in na isa teburin mai shayi hira ta tsaya, a gona kuma maƙwabcina ya sako min ruwa in layina ya zo, ya juya ba ko sannu da aiki. Na nemi shaida ko da mutum ɗaya. Rabin unguwa sun ga ana kwasar lakar nan, amma mai amalanken ma cewa ya yi a makon sansa ba shi da lafiya.

Ranar shari'a na sa bulo biyu a buhun shinkafa na hau acaɓa ni kaɗai. Shi kuwa da mota cike ya zo, kuma duk wanda ya sauko daga motar nan ɗan uwana ne kamar yadda yake nasa. Suka cika benci biyu, ni na zauna a ƙarshen na uku da buhuna tsakanin ƙafafu. Alƙali ya tambaye ni shaidu, na ce ba ni da su, sai wannan. Ya sa aka fasa bulon a kan tebur, ya tsinci ƙwanson ya juya shi a tafin hannu, ya tambayi taubashina ko daga tifar yashi wannan ya fito. Aka ba shi zaɓi, ko ya mayar da abin da ya karɓa ko ya sake ginin da kayansa cikin wa'adi. Ya ce zai gina.

Kwana goma sha biyu ya yi a gidana. Ban taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba: ya haƙa harsashi mai zurfi, ya shimfiɗa leda don danshi, kullum ya shayar da bulon safe da yamma. Amma abincin da nake sayo masa bai taɓa buɗewa ba, ruwan sha ma da nasa yake zuwa. Ranar ƙarshe ya miƙo min takardar kotu in sa hannu, ya ce, "Malam, akwai sauran abin da bai yi maka ba?" Na ce babu. Ya kwashe kayan aikinsa ya fita.

Na jira ɗakin ya bushe, na sa gado da sabuwar tabarma, na ɗauki shatar mota zuwa Garun Mallam. Na tarar da Inna a inuwar zaure tana jan carbi. Ta amsa gaisuwata, ta tambayi gona, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Na ce ɗaki ya kammala, mota tana waje. Ba ta motsa ba, sai da ta kai ƙarshen carbin.

"Na ji komai," ta ce. "Da ka zo ka gaya min, da da kaina zan je in kama kunnensa. Amma ka ɗauki maraya, ɗan ƙanina, ka tsayar da shi gaban alƙali."

Na fara cewa Inna don ke na yi, ta ɗaga min hannu.

"Na sani. Shi ya sa ba zan iya kwana a cikinsa ba. Ka sallami mai motar, kada ka ɓata masa lokaci."

Ƙanwata ta kawo min ruwa na sha, na yi musu sallama. Direban ya leƙa bayana ya tambaya ko tsohuwar tana shiri ne. Na ce masa mu tafi.